Awon zuciya da gwajin gishirin jini ga masu ciwon daji a Gombe: mun duba aikin

Wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a cikin garin Gombe yana haɗa awon zuciya na ECG da gwajin gishirin jini (wato sinadarai irin su fotashiyam da sodiyam) a zama ɗaya, domin masu karɓar maganin ciwon daji. Mun duba aikin da idon masu harhaɗa magani da masu gwajin jini. Awon zuciyar ya yi kyau. Ɓangaren jini da rubutun sakamako kuwa suna buƙatar gyara.

Mai daji yana buƙatar wannan awo ne saboda wasu ƙananan ƙofofi da ke jikin kowace ƙwayar halitta, inda fotashiyam, sodiyam da kalsiyam ke shiga da fita. Ƙwayar daji tana sarrafa su don amfanin kanta. Ƙofar fotashiyam mai suna hERG tana yawaita a dajin hanji da wasu nau'o'in dajin jini, tana taimaka wa ƙwayar ta rabu ta yaɗu. An kuma danganta ƙofar sodiyam ta Nav1.5 da bazuwar dajin nono. Matsalar ita ce, hERG ɗin nan ce zuciya ke dogara da ita wajen komawa daidai bayan kowane bugu. Idan magani ya toshe ta, tazarar da ake kira QT a takardar awon, wato lokacin da zuciya ke ɗauka ta buga ta koma daidai, takan tsawaita, bugun zuciya ya rikice, mutum ya faɗi nan take. Magungunan daji irin su ribociclib na dajin nono, nilotinib da arsenic trioxide, har da ondansetron da ake bayarwa don tsayar da amai, duk suna iya jawo haka.

A wajen awo, ma'aikatan sun san aikinsu. Suna kwantar da mara lafiya ya huta tukuna, su goge fata, su manna wayoyi 10 a mazauninsu, takarda na tafiya a milimita 25 cikin daƙiƙa. Na'urar na aiki da batir, don haka layin ba ya rawa idan an tayar da janareta. Mace ce ke auna mata, a bayan labule. Ga wadda aka cire wa nono wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma mun yaba.

Inda muka fi damuwa shi ne lissafi. Takardar na fito da QTc, wato QT da aka daidaita da saurin bugun zuciya, ta hanyar lissafin Bazett, wadda ke ƙara adadin fiye da kima idan zuciya na gudu. Masu daji kuwa da yawa zuciyarsu na gudu saboda ƙarancin jini, zazzaɓi ko zafin ciwo. Sai a ga adadi mai tsoratarwa, likita ya dakatar da maganin da bai kamata a tsayar ba. Hanyar lissafin Fridericia ce ta dace, da ita aka tsara ƙa'idar ribociclib: ba a fara shi sai QTc na ƙasa da milisakan 450 (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa), a sake awo wajen rana ta 14 da fara shansa, a dakata idan ya haura 480. Duk abin da ya wuce 500 haɗari ne. Ku nemi a rubuta muku na Fridericia, kuma wani ya ƙirga ƙananan gidajen takardar da ido, kowane gida milisakan 40 ne.

Sai jini, wanda ake gwadawa saboda ƙarancin fotashiyam ko magneziyam na ƙara haɗarin tsawaitar QT. Fotashiyam na lafiya yana tsakanin 3.5 da 5.0, amma saurin ɓata sakamakonsa ake yi. Idan robar ɗaure hannu ta wuce minti ɗaya, ko aka ce wa mutum ya yi ta dunƙule hannu, ko jajayen ƙwayoyin jini suka fashe a sirinji, adadin zai hau na ƙarya. Haka idan aka fara cika kwalba mai murfi shunayya, domin sinadarin cikinta na ɗauke da fotashiyam. A wannan ɗakin gwaji jini kan jira a firiji kafin a juya shi a injin da ke raba ruwansa da ƙwayoyinsa, kuma sanyi na sa fotashiyam ya fito daga cikin ƙwayoyin. Wanda amai da gudawa suka zubar masa da gishiri sai a ce masa lafiya lau.

Magneziyam ba ya cikin jerin abubuwan da suke gwadawa, sai an nema daban. Wannan giɓi ne babba. Maganin daji na cisplatin na zubar da shi ta ƙoda, maganin daji na cetuximab ma haka, ta hanyar raunana ƙofar magneziyam mai suna TRPM6. Kuma muddin magneziyam na ƙasa, fotashiyam ba ya tsayawa komai yawan wanda aka ba mutum.

Ma'aikatan ba sa tambayar sauran magungunan da mutum ke sha. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su kwinin da artemether-lumefantrine, da azithromycin, ciprofloxacin da fluconazole, duk ana saye a kemis ba takarda, duk kuma suna tsawaita QT. Mai jinya ya zo da kwalayensu duka a leda, ya zo da takardar awon farko don a kwatanta, ya nemi a haɗa da magneziyam, sannan a kai sakamakon ga likitan daji a ranar, kafin a sha ƙwaya ta gaba.