Sharhi kan tiyatar kafe saifa ta laparoskopi a jikin yara

Aikin, wanda ake yi da kyamara ta ƙananan ƙofofi a ciki, yana da kyau ƙwarai, amma ingancinsa ya rataya ne a kan saurin gano cutar, wato saifar da ta bar gurbinta, kuma a nan aka fi samun cikas.

Saifa na zaune a hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, tantani biyu ke riƙe da ita: ɗaya daga tumbi, ɗaya daga wajen ƙoda. Idan sun saki ko ba a haifi yaro da su ba, sai ta riƙa reto a kan doguwar igiyar jijiyoyinta har ta murɗe. Jijiyar da ke fitar da jini ce ke fara toshewa saboda bangonta siriri ne, saifar ta kumbura, daga baya ta mutu. Yaron kan zo da ciwon ciki mai tashi yana lafawa, da amai, da ƙulli mai motsi.

Abin takaici, mai sikanin kan ga ƙullin a mara ya ɗauka ciwon ƙari ne, don bai duba gurbin saifa ya ga babu komai ba. Dole a duba gurbin, a auna gudun jini da Dofla, wato sikanin da ke nuna yadda jini ke gudana. Hoton Siti (CT), mai nuna cikin jiki yanki-yanki, yana nuna igiyar a nannaɗe kamar guguwa, ya kuma nuna ko wutsiyar fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi, ta shiga murɗin, ko tumbi ma ya juye.

Ita tiyatar, ƙofofi 3 ko 4 ake buɗawa, galibi na milimita 5. A warware murɗin, a jira launin saifar ya dawo. Idan ya dawo, a yi wa saifar aljihu a bayan tantanin ciki ta gefen hagu, ko a sa ta cikin raga mai narkewa a ɗinke. Aljihun ya fi kwanta mana, domin ba a barin baƙon abu a jiki. Ɗinke saifar kai tsaye bai da tabbas: namanta na yagewa, ya yi ta zubar da jini.

Inda aikin ya gaza: saifa mai kumburi sosai ba ta barin wurin juya kayan aiki, sai an buɗe ciki. Wadda ta riga ta mutu kuwa cirewa ake yi. Da yake rashin saifa na rage garkuwar jiki, daga nan sai rigakafin ƙwayoyin cuta na nimokokas, da maninjokokas, da Hib, kwana 14 bayan aiki, da fenisilin kullum, kuma duk zazzaɓin da ya kama yaron a kai shi asibiti nan take.