But, shingad da bal: me ya kamata ka fara saya wa yaro ɗan ƙwallo a Jos?

Iyayen yara ku zo mu yi magana, don yanzu kowane yaro a Jos gani yake shi ne Ahmed Musa ko Mikel na gobe, to ba laifi ai nan suka taso, amma in za ka shiga Terminus ko Katako sayayya ka fara duba filin da yaronka ke buga ƙwallo kafin ka duba sunan kamfani.

Yawancin filayen unguwa a nan jar ƙasa ce da tsakuwa, in hunturu ya shigo kuwa ta bushe ƙau kamar siminti. But, wato takalmin ƙwallo, mai dogayen haƙora don ciyawa aka yi shi, irin filin Rwang Pam, a can haƙoran na nutsewa su riƙe ƙasa. A kan burji babu inda za su shiga, yaro na gudu ƙafa na tangal-tangal, juyi ɗaya sai targaɗe a idon sawu, ga ciwon dunduniya da dama yake damun yara masu tasowa. Mai haƙoran ƙarfe kam kar ma ka taɓa, na fili mai laka ne, kuma in ya taka ɗan wani sai an yi ɗinki. Wanda ya dace da filayenmu shi ne mai ƙananan ƙurajen roba birjik a ƙasa, za ka ga an rubuta TF a jikinsa ko a kwalin. In bai samu ba, wallahi kambas mai kyau ya fi wancan mai dogayen haƙoran.

Sabo ko gwanjo? Ni dai gwanjo orijina ya fi min sabon jabu mai ƙyalli da ke ɓarewa tun ba a je ko'ina ba. Amma ka juya shi ka gani, in haƙoran sun cinye ta gefe ɗaya ajiye shi, ka matsa bayan dunduniyar da yatsa in ta lotsa ta gama aiki. Kuma don Allah a daina "a ƙaro masa lamba zai girma a ciki", ƙafa na yawo a cikin but shi ke kawo bororo da faɗuwa. Ka je da yaron da safar da zai sa, ya gwada a tsaye, sararin gaba kar ya wuce faɗin babban yatsanka.

Shingad, wato abin kare ƙwauri, shi ne mafi araha kuma shi aka fi rainawa, alhali dokar ƙwallo ta 4 ta wajabta shi, safa ta rufe shi. Akwai na zurawa cikin safa, mara nauyi amma yana zamewa, akwai mai maɗauri da soso a idon sawu, ƙananan yara wannan na biyun za a ba su. Ƴan mitsi-mitsin nan da manyan ƴan wasa ke yayi, yaro zai nace shi yake so, kar ka biye masa. Kwalin indomi da wasu ke cusawa kuwa ba ya tare komai.

Bal ma lamba gare ta. Lamba 3 ta ƴan ƙasa da shekara 8 ce, 4 ta ƴan 8 zuwa 12, lamba 5 mai nauyin giram 410 zuwa 450 sai daga 13. Ga maganar sa wa bal kai, hukumar ƙwallon Amurka tun 2015 ta hana ƴan shekara 10 zuwa ƙasa buga bal da ka, to in kocinsu na jera ƴan firamare yana wurga musu lamba 5 a goshi ka je ka same shi ku yi magana.

In kuɗin bai kai duka ba, shingad farko, sai takalmi, jesi mai sunan Osimhen ta jira sallah. In gola ne ɗan naka ƙara masa dogon wando mai soso a gwiwa da ƙugu, don tsakuwar nan ba ta san yaro ba.