Daga Tokyo: abin da na gani a bakin rafin Meguro

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Umma da iyali baki ɗaya. Ka tambaye ni ko da gaske ne komai na Japan ya fi namu. Amsar ta fi ƙarfin hirar waya, shi ya sa na zauna na rubuto. Zan ɗora ta a kan fitar da muka yi kallon furen sakura a bakin rafin Meguro, domin a hanyar nan guda ana ganin inda suka fi mu da inda muka fi su.

Sakura bishiya ce da ke fure daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, idan sanyi ya fara sakin gari. Furen ne ke riga ganye fitowa, fari mai ratsin ja kaɗan, kuma daga cikarsa bai fi mako guda ba ya fara zuba. Hukumar kula da yanayi ce ke shelar fitowarsa: akwai wata bishiya a harabar wurin bauta na Yasukuni da ma'aikatanta ke dubawa, da zarar fure biyar ko shida sun buɗe sai a sanar a talabijin. Yawancin bishiyoyin iri ɗaya ne, Somei Yoshino, kuma ba ƙwallo ake shukawa ba, aure ake yi musu kamar mangwaron gonar Baba. Shi ya sa na gari ɗaya suke buɗewa kusan lokaci guda.

A Meguro akwai bishiyoyi kusan 800 a jere, dama da hagu, tsawon kilomita 4 ko kusa da haka. Rassan sun sunkuyo har sun kusa haɗewa a saman ruwa, in magariba ta yi a kunna fitilun takarda. Kyan wurin ya isa mutum ya yi tasbihi. Amma Yaya, ruwan ne ya fi tsaya mini a rai. Rafin nan ba wani babban kogi ba ne, magudana ce mai katangar siminti a tsakiyar gidaje, kuma a da ya yi ƙaurin suna wajen ƙazanta da wari. Tun 1995 ake turo masa ruwan da aka tace daga matatar Ochiai, wato ruwan wanka da na bayan gida na mutanen gari, an tsabtace shi an sako. Ina tsaye a kan gada sai Jakara ta Kano ta faɗo mini. Ruwa ne a tsakiyar birni, kamar namu. Su sun tace nasu, sun dasa itatuwa, sun ɗauki masu sassabe da shara shekara da shekaru ba fashi, har ga shi yau mutane na biyan kuɗin jirgin sama daga wasu ƙasashe don su taka bakinsa. Kuma shiga kyauta ne, ba mai karɓar ko yen ɗaya.

Zuwa wurin ba wahala. Daga unguwar Shibuya tasha biyu ce a jirgin ƙasa zuwa Nakameguro da ke kusa da rafin, da katin biyan kuɗin jirgi na Suica, ka ɗora a ƙofa ka wuce, jirgin kuma yana zuwa a mintin da aka rubuta. Cunkoso ya kai inda ya kai, amma ma'aikata na tsaye suna bi da mutane, ba turereniya. Bayan gida na jama'a kyauta ne, da ruwa, har da na tsarki a jikin kujerar a wurare da yawa, abin da ke sauƙaƙa wa Musulmi ƙwarai. Kwandon shara kuwa da wuya ka gani a titi. An kwashe da yawa bayan harin iskar guba da aka kai jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1995. Kowa sai ya ƙunshe shararsa a jaka ya kai gida.

To, inda muka fi su shi ne ci. Rumfunan bakin rafin giya ce ta fi yawa a cikinsu, sai naman da ba ka san yankansa ba, da alade. Ko biskit za ka saya sai ka karanta bayan leda, don kitsen alade da giyar girki suna shiga inda ba ka zata. Ni dai dunƙulen shinkafa mai kifi na saya a kantin FamilyMart, na haɗa da shayi daga injin sayar da abin sha. Kayan marmari da tsada sosai, ana jera su ɗai-ɗai a leda, kuɗin kankana guda sai ya cika maka buhu a Yan Lemo. Ba ciniki, ba ragi, ba gyara, kuma ga harajin kashi 8 cikin ɗari a kan abinci, kashi 10 a kan sauran kaya. Albashin awa a Tokyo ya haura yen 1,000, in ka juya shi zuwa naira sai ka ɗauka arziki ne, amma hayar ɗaki ɗan mitsitsi ce ke fara cinye shi.

Sannan akwai shiru. Mai kanti zai rusuna maka, ya miƙo canjinka cif, amma ba zai tambaye ka ya gida ba. Za ka shekara da maƙwabci ba ku wuce sunkuyar da kai ba. Wannan yana damuna fiye da tsadar. Sai ranar Juma'a a masallacin Tokyo Camii, wanda Turkawa ke kula da shi, mutum yake samun wanda zai riƙe hannunsa a gaisa sosai.

Naman halal da kayan ƙamshi ina samu a shagunan unguwar Shin-Okubo, amma kuka da daddawa babu. Idan an sami mai zuwa, a aiko mini da su, da yajin Umma. Kilishi kam kada a saka, dokarsu ta hana shigo da nama, ana ƙwacewa a filin jirgi kuma har tara suna ci. A gaida Umma da kyau, a ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Ƙaninka.