Wasiƙa ga Yayana: Inda Tsohuwar Mota Ta Fi Sabuwa Gata

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Umma baki ɗaya. Saƙonka ya iso. Ni kaɗai na yi ta dariya a cikin mota da na ji ka ce wai na zo Turai na ɓige da kwasar akwala, saboda hoton nan da na turo maka. To Yaya, akwalar da ka raina, wata 'yar'uwarta an sayar da ita a kan kuɗin da ya ninka na gidan da nake haya a nan Coventry ta Ingila. Abin ya fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Aikina dai ka san shi. Babbar mota rufaffiya nake ja, mai cin motoci biyu, ta wani kamfani da ke ajiye wa masu hali tsofaffin motocinsu na gudu, ya kuma kai musu su wajen gwanjo ko gareji ko filin tsere. Shekarata huɗu ke nan a kai.

Baƙar motar nan mai fiffike a baya da ka gani sunanta Ford Sierra RS500 Cosworth. Sierra ta gama-gari miliyoyi aka ƙera, motar ma'aikata ce da 'yan tasi, kuma yawancinsu tuni an narkar da su. Amma wannan samfurin guda 500 kacal aka yi, a 1987. Dalili shi ne dokar tseren motoci ta wancan zamani: kafin kamfani ya shiga gasa da wata mota, sai ya ƙera 5,000 irinta na sayarwa ga jama'a, daga nan a ba shi damar yin wasu 500 da aka ƙara wa ƙarfi. Wato ba don kasuwa aka yi su ba tun asali, an yi su ne don a cika sharaɗi. A watan Fabrairun 2023 aka yi gwanjon wata da ba ta yi tafiyar da ta wuce mil dubu biyar da 'yan kai ba, aka sayar da ita a kan fam 596,250. Su kansu 'yan harkar sai da suka riƙe baki. Ita ma Mercedes 190 da ka sani tana da irin wannan ƙanwa, Evolution II, guda 502 aka yi a 1990. Daga nesa ka ce 190 ce aka yi wa kwalliya, amma kuɗinta da na sauran kamar sama da ƙasa.

Waɗannan ma ƙananan alhazai ne. Can ƙololuwa akwai Ferrari 250 GTO, wadda guda 36 aka ƙera tsakanin 1962 da 1964, an sayar da ɗaya dala miliyan 48.4 a Amurka a 2018. Sai kuma Mercedes 300 SLR mai rufi ta 1955, biyu ce tak a duniya, kamfanin ya fitar da ɗaya a Stuttgart a watan Mayun 2022 aka saye ta yuro miliyan 135. Irin waɗannan ba a ba ɗan'uwanka ɗauka, daga bayan igiya nake hango su kamar kowa.

Da farko na ɗauka ƙaranci kaɗai ne ke sa tsada. Sai da na ga yadda ake duba mota kafin ciniki na gane inda gizo ke saƙa. Wata rana na kai wata Porsche ta 1973 gidan wani dattijo da ke son saye, ya kira mai duba masa. Mutumin nan bai ko ce a tayar da inji ba. Tocila ya ɗauko ya kwanta a ƙasa yana karanta lambar inji, ya tashi ya karanta ta giya, ya gwada su da wata takarda da kamfanin da ya ƙera motar ya bayar. Sannan ya fito da 'yar na'ura kamar wayar hannu yana ɗora ta a jikin bodi taki-taki, tana nuna masa kaurin fenti, don ya gano inda aka taɓa cikewa bayan haɗari. Sai da ya gama duk wannan ya zauna a teburin kicin da wani ƙaton fayil: rasit na baƙin mai tun shekarun 1970, takardun gwajin shekara-shekara, sunayen duk waɗanda suka taɓa mallakarta, har da hotunan da suka koɗe. Ya fi awa biyu a kan takardun nan, motar kuwa ko minti arba'in bai yi a kanta ba. Da muka fito yake ce min inda an taɓa sauya injin, ko da da wanda ya fi shi lafiya ne, da kuɗin ya zube sosai. Ka ji fa, Yaya. Sabon inji ya zama aibi.

Ni ma sai da na sha tawa kafin in iya. Watana na biyu a aiki, aka kawo wata mota aka ce in ɗan goge ta kafin mai ita ya zo. Na ga wata tsohuwar takarda manne a gilashin baya, ta yi ja, ta fara ɓarewa, sunan dilan da ya fara sayar da motar ne a jiki. Ni a ganina datti ne. Na sa reza na kankare ta tas, na wanke gilashin yana ƙyalli, ina jiran a yaba min. Da shugabanmu ya shigo ya gani, sai ya tsaya cak ya dafe kai. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi ya fi min sauƙi. Ya durƙusa da kansa yana tsince gutsattsarin takardar daga kwandon shara yana zubawa a ambulan. Ashe 'yar takardar nan ita ce shaidar cewa gilashin na asali ne, ba a taɓa taɓa shi ba tun fitowar motar. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga ranar ko ƙura ce sai na tambaya kafin in share. Kuma ba wasa nake ba, don a 2015 an yi gwanjon wasu motoci a Paris da aka tsinta a rumfunan wani gida a yammacin Faransa bayan shekaru a yashe, aka baje su da tsatsarsu da ƙurarsu, wata Ferrari da aka zaƙulo daga ƙarƙashin tarin tsofaffin mujallu ta haura yuro miliyan 16.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bambancin hidimar da ake yi wa waɗannan motoci da wadda ake yi wa irin tawa. Motata ta zirga-zirga ƙirar 2012 ce, mai shan dizal. Bara wata fitila ta kama a gaban sitiyari, na kai gareji. Yaron ya jona kwamfuta, ya ce wani akwatin lantarki ne ya mutu, ba a buɗe shi, ba a gyara shi, sai dai a sayi sabo ɗungurum, kuma kuɗin ya kusa rabin darajar motar. Ya ba ni shawara in rabu da ita. Mota mai shekara goma da ɗoriya a nan ta zama kaya, ba mai son ɓata lokaci a kanta.

Amma bari ta haura arba'in, in tana da suna. Nan za ka ga gata. A garin Witney akwai kamfanin da har yau yake buga sabon bodi sukutum na MGB da tsohuwar Mini. Gidan tarihin motoci da ke Gaydon, ba nisa da mu, zai binciko maka littafin masana'anta ya ba ka takardar ranar da aka ƙera motarka da launin da ta fito da shi. Mercedes na da cibiya guda a Fellbach kusa da Stuttgart ba ta aikin komai sai tsofaffi. Ferrari tun 2006 ta buɗe sashen da ke tantance asalin motocinta ya ba da jan littafi, kuma mota mai jan littafin nan ba a yi mata tayin wulaƙanci. Na Jaguar ma ya fi ba ni mamaki. A 1957 gobara ta tashi a masana'antarsu da ke nan Coventry ta cinye motoci samfurin XKSS guda tara da ba a kai ga fitarwa ba. Bayan kusan shekara sittin sai suka ce ai lambobin nan tara suna nan a littafi, suka sake ƙera su da hannu, kowace sama da fam miliyan ɗaya, kuma duk aka saye. Akwai tsofaffin makanikai a nan da ba su san kwamfuta ba, kunne kawai suke sa wa kafireto su saita shi, sai ka yi wata da watanni a layi kafin su karɓi motarka. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji mutanenmu, to a nan har farashi aka sa mata.

Ma'ajiyarmu kuwa ta fi ɗakina daɗi, wallahi. Akwai na'urar da ke tsotse laima dare da rana, kowace mota da mayafinta, da waya jone da batir don kada ya mutu, ana kuma ɗan gusa su lokaci-lokaci don kada taya ta kwanta gefe guda. Fetur ma sai an zaɓa, don tun Satumbar 2021 man gama-gari a Birtaniya ya koma E10, mai yawan sinadarin da ke cin robar tsofaffin motoci, sai dai a sayi E5 mai tsada. Inshora ita ma daban: tun farko ake zama a amince da darajar motar a rubuce, a ƙayyade mil nawa za ta yi a shekara. Wani abokin aikina mai tsohuwar MG abin da yake biya bai kai nawa ba.

Hukuma ma ta bi sahu, sai dai kowace ƙasa da nata awon. A Birtaniya mota ta cika shekara 40 aka yi mata rajistar kayan tarihi, an yafe mata harajin hanya, an ɗauke mata gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT, muddin ba a sauya mata halitta ba. Ni in na shiga Landan da tawa sai na biya fam 12.50 kowace rana saboda hayaƙi, tsakiyar Birmingham fam 8. Ga Jaguar ta 1965 a gabana tana tuttula hayaƙi har ina rufe gilas, ita ko sisi. Ranar farko abin ya ƙona min rai. Hujjarsu ita ce irin waɗannan ba su da yawa kuma ba kullum suke fitowa ba. Na ji, amma har yanzu in na biya sai na yi tsaki. Jamus ta fi burge ni a nan. Su shekara 30 ne, a ba ka lamba mai harafin H a ƙarshe, harajin bai ɗaya yuro 191.73 a shekara, amma sai ƙwararre ya tabbatar motar tana kan asalinta kuma an kula da ita, gwajin lafiya kuma ba fashi duk bayan shekara biyu. Tsohuwa ko yarinya, birki dai birki ne. Amurka tata dokar ta shigo da kaya ce: motar da ba a ƙera don kasuwarsu ba sai ta cika shekara 25 za ta shiga cikin sauƙi. Shi ya sa Nissan Skyline GT-R samfurin R34, da ta fara fitowa a 1999, kuɗinta ya yi ta hawa tun kafin 2024, har wasu Amurkawa suka saya suka ajiye a Japan suna ƙirga kwanaki.

Ka tambaye ni ko in tara in sayi ɗaya in ajiye. A'a, Yaya. Kasuwar nan ta taɓa kayar da manya. Bayan rasuwar Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin Ferrari, a watan Agustan 1988 farashi ya haukace, mutane suka ci bashin banki suka saya, farkon shekarun 1990 kuma ya rikito, da yawa suka tashi a tutar babu. Sannan abin yayi ne na tsara. Mutum in ya yi kuɗi yana da hamsin, motar da ya liƙa hotonta a bango yana yaro ita yake nema. Yau 'yan shekarun 1980 da 1990 ke tashe, su kuwa motocin kafin yaƙin duniya na biyu masu son su suna ta ƙarewa, ina ganin yadda wasu ke komowa daga gwanjo a bayan motata ba a taya ba. Ga kuɗin ajiya, ga na inshora, ga ladan masu gwanjo da suke yanka ta wajen mai saye da mai sayarwa. Mai albashi irina ya shiga, kafin motar ta yi daraja ta cinye shi.

Akwai wata a ma'ajiyarmu da nake tausayi. Ja ce, tana can lungu, tun da na fara aiki ba ta taka kwalta ba, don mai ita na tsoron kowane mil zai rage mata kuɗi. Bai taɓa zuwa ganinta ba, hoto ake tura masa. An ƙera ta don ta yi gudu, ga ta a lulluɓe kamar mai jinya. Na fi ganin girman waɗanda ke kai nasu filin tseren Goodwood duk Satumba, inda ake tsere da motocin miliyoyi da gaske, a goga juna, a fasa fitila, a dawo da su ana dariya a miƙa wa mai gyaran bodi. Na taɓa ɗauko wata daga can gefenta a lotse, tana warin ƙonannen birki, mai ita dattijo ya haura saba'in, hannunsa duk baƙin mai. Ya buga bodin da tafinsa ya ce min aluminiyam ne, ai yana miƙewa.

Bari in tsaya nan, dare ya yi. Sanyi ya shigo, an fara watsa gishiri a tituna saboda ƙanƙara, kuma gishirin nan shi ne ajalin tsohuwar mota, don ta ƙasa yake cin ta. Saboda haka kowa na rige-rigen kawo tasa ajiya har zuwa bazara. Gobe da asuba zan ɗauko wata Jaguar E-Type daga Bicester, tafiyar da ba ta fi awa guda ba, amma mai ita ya kira sau uku yana jaddada min kada tayarta ta taɓa titi tsakanin gareji da bayan motata. Na tanadi darduma.

Ka gaida Umma da kyau, ka ce mata ina nan lafiya. A shafa min kan yara.

Ƙaninka.