Wasiƙa daga Indiyana zuwa Garwa: yadda ake shirya yara wa aikin injiniya tun suna sakandare

Assalamu alaikum, Yaya Malam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da dukkan 'yan uwa na Garwa a Kamaru, ga amsar tambayar da ka yi mini game da yadda ake koya wa yara aikin injiniya a nan Amurka kafin su shiga jami'a. Na san dalilin tambayar shi ne yaronmu da zai zauna jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, wanda kake tunanin ko ka bar shi a lise, wato sakandare, na gama-gari ko ka mayar da shi lise na fasaha, don haka zan faɗa maka abin da na gani a makarantar da 'yarka take zuwa, da kuma inda nake ganin mun fi su.

Babbar sakandare a nan shekara huɗu ce, daga aji na 9 zuwa na 12, yaro yana shiga yana da kimanin shekara 14, ya fita yana da 18. A yawancin garuruwa ba a raba yara tun da wuri kamar yadda muke yi, inda wanda ya shiga CETIC, wato kwalejin koyon sana'a, ya kama hanyar takardar shaidar sana'a ta CAP, wanda ya shiga lise kuma ya kama hanyar Bakaloriya, jarrabawar kammala sakandare, kowa da makarantarsa. Makaranta ɗaya ce, kuma darasin injiniya zaɓi ne da yaro yake ɗauka tare da lissafi da kimiyya. Manhajar da ta fi yaɗuwa ita ce ta wata ƙungiya mai suna Project Lead The Way, wadda ta fara a jihar New York a 1997, kuma babban ofishinta yana nan birnin Indiyanapolis. Ita ce take tsara darussan, take horar da malamai, makaranta kuma ta biya kuɗin shiga tsarin.

A shekarar farko yara suna koyon zane da hannu da awo na ƙa'ida, sannan su koma zanen kwamfuta mai nuna tsawo da faɗi da kauri. Ana ba su wani abu na yau da kullum su kwance shi, su auna kowane ɓangare, su zana shi, su bayyana dalilin da ya sa maƙerinsa ya zaɓi roba a nan, ƙarfe a can. Daga baya akwai darasin lantarki, da na gine-gine, da na jiragen sama. A shekarar ƙarshe rukunin yara uku ko huɗu suna zaɓar matsala ta gaske, su yi bincike, su ƙera samfuri, su gwada shi, sannan su tsaya gaban injiniyoyin da aka gayyato daga masana'antu su kare aikinsu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne littafin aiki da kowane yaro yake riƙewa. Da biro ake rubutu a ciki, kowane shafi da kwanan wata da sa hannu, ba a yage takarda, kuma gwajin da bai yi nasara ba ma dole a rubuta shi tare da dalilin da ake zaton ya kawo gazawar. Malami yana ba da maki a kan wannan littafi kamar yadda yake bayarwa a kan abin da aka ƙera. Yaron da ya saba da haka ba ya jin kunyar cewa abu bai yi ba, kuma ba ya maimaita kuskure ɗaya sau biyu don mantuwa.

Bayan an tashi daga makaranta akwai ƙungiyoyin ƙera butum-butumi. Mafi shahara ita ce FIRST, wadda Dean Kamen ya kafa a 1989, aka yi gasarta ta farko a 1992 a jihar New Hampshire. Kowace shekara a watan Janairu ake bayyana wasan da za a yi, yara su samu 'yan makonni su ƙera na'ura mai nauyin da ya kai na babban yaro, su rubuta mata umarni, su kai ta fili. Kuɗin rajista kaɗai dubban daloli ne, kuma kamfanonin gari ne suke ɗaukar nauyi. Amma abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne injiniyoyin waɗannan kamfanoni da suke zuwa da yamma, bayan sun tashi daga aikinsu, su zauna da yaran ba tare da an biya su ko sisi ba. 'Yan mata suna cikin waɗannan ƙungiyoyi, suna walda suna haɗa wayoyi, har da 'ya'yan Musulmi da hijabinsu, ba wanda yake ganin abin a matsayin baƙo.

Jami'o'i ma ba sa jira sai yaro ya zo ƙofarsu. A nan Indiyana kwalejin Ivy Tech tana amincewa da wasu darussan da ake koyarwa a sakandare, yaro ya gama yana riƙe da makin kwaleji ba tare da ya biya kuɗin karatun ba. Jami'ar Purdue kuma tana da shirin EPICS da ta fara a 1995, inda ɗalibai suke ƙera abin da wata ƙungiyar jin ƙai ko makarantar masu buƙata ta musamman ta nema, kuma daga baya an faɗaɗa shi zuwa sakandare. Akwai kuma shirye-shiryen hutun bazara. Na jami'ar MIT mai suna MITES, wanda ya fara a 1975, mako shida ne kuma kyauta ne, sai dai na 'yan ƙasa ne da masu takardar zaman dindindin. Sauran jami'o'i da yawa suna karɓar dubban daloli a kan 'yan makonni, kuma halartarsu ba ta ba yaro tabbacin samun gurbin karatu. Ina roƙonka ka gaya wa iyayen yara wannan, domin kada wani ya karɓi kuɗinsu da alkawarin da ba shi da ikon cikawa.

Kada ka ɗauka cewa kowace makaranta a Amurka haka take. Kaso mai yawa na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidajen unguwa yake fitowa, saboda haka unguwar masu hali tana da ɗakin aiki cike da injuna, ta talakawa kuma wani lokaci ko malamin darasin ba ta da shi. Sannan a abin da na gani, yaron da ya yi Terminale C a gida, wato ajin ƙarshe na lise a layin lissafi da fiziks, ya fi yawancin tsaransa na nan ƙarfi a lissafin takarda da jure doguwar hujja, domin na nan sun dogara da na'urar lissafi tun da wuri.

Ta fuskar kaya da gyara kuwa, lamarin a juye yake da namu. A nan kaya suna da araha, hannun mutum ne yake da tsada. Ƙaramin allon Arduino, wanda ake koyon sarrafa fitilu da injuna da shi, bai kai dala 30 ba, kwaikwayonsa kuma ya fi haka sauƙi sosai, kuma in ka yi oda yau, jibi yana ƙofar gidanka. Amma bakanike yana iya cajin fiye da dala 100 a kan aikin awa ɗaya, shi ya sa fanka ko injin wanki in ya lalace sai a jefar a sayi sabo. A gida kuwa kayan ne suke da wuyar samu, sai an jira daga Duwala ko an tsallaka Najeriya, amma mai naɗin koyil a kasuwar Garwa zai tayar da injin da a nan shara za a kai shi. Yaran da suke koyon aiki a garejojinmu sun san cikin inji fiye da yawancin yaran da nake gani a nan. Matsalarmu ita ce mai lissafi yana lise bai taɓa riƙe sifana ba, mai sifana yana gareji ba a koya masa lissafin abin da yake yi ba, kuma su biyun ba sa haɗuwa. Duk abin da na lissafa maka a sama, amfaninsa shi ne ya haɗa waɗannan biyun a jikin yaro ɗaya.

Ina ganin ana iya fara wannan a gida ba tare da jiran ma'aikatar ilimi ba. Injiniyoyi muna da su: a madatsar ruwa ta Lagdo da aka kammala a 1982, a masana'antun kamfanin auduga na SODECOTON, a kamfanin siminti na Figil, da tashoshin hasken rana na Marwa da Gider. Ga ɗaliban makarantar Politeknik ta Marwa da na makarantar injiniya ta ENSAI a Ngaundere da suke dawowa gida hutu. In ƙungiyar iyayen yara ta roƙi mutum biyu daga cikinsu su ba da yammacin Asabar, aka haɗa 'yan aji na C da na F3, wato layin aikin wutar lantarki a lise na fasaha, da yaran gareji a rukuni ɗaya, aka ba su matsala daga cikin gari, an samu ginshiƙin abin. Matsalolin kuwa ba sai an nemo su ba: rumbun da zai hana albasa ruɓewa, famfon hasken rana na masu lambu a bakin Binuwai, ko hanyar rage zafin aji a watan Maris da Afrilu lokacin da ma'aunin zafi yake haura 40. Manhajojin kwamfuta na FreeCAD, ta zanen injiniya, da KiCad, ta zanen allon lantarki, da ta Arduino duk kyauta ne, kuma in an sauke su sau ɗaya suna aiki ba tare da intanet ba, wanda ya dace da halin da ake ciki na tsadar data da ɗaukewar wuta.

Game da yaronmu, shawarata ita ce in lissafinsa yana da ƙarfi ka bar shi ya bi layin C, domin jarrabawar shiga Politeknik a kan lissafi da fiziks take tsayawa, amma duk dogon hutu ka kai shi wurin mai gyaran lantarki da ka yarda da amanarsa, ka kuma sa shi ya riƙa rubuta abin da ya kwance da abin da ya auna a littafi na musamman, da kwanan wata. In kuwa hannunsa ya fi kansa sauri, F2, layin ƙananan na'urorin lantarki, ko F3 hanya ce mai kyau, kuma kada kowa ya sa shi jin cewa ta waɗanda suka gaza ce. Zan aiko da allunan Arduino biyar da mitar awon wuta biyu ta hannun wanda zai zo gida bayan Sallah, uku na makarantarku, sauran na yaran gida. Ka gaishe mini da Inna da su Gwaggo da dukkan mutanen unguwa. Wassalam.