Na kai aikin fostar fim ɗinmu Shomolu, ga yadda muka kwashe

Wani ɗan gajeren fim na ban tsoro muka haɗa ni da yaran unguwarmu a nan Agege, minti ashirin da 'yan kai, labarin wani mai gadi ne da wata mata ke zuwa roƙon ruwan sha wajensa kullum ƙarfe biyun dare. Mun gama komai saura fosta, wadda za mu manna a gidan kallo da wajen masu shayi da kuma wadda za mu ɗora a Facebook. To duk wanda ya zauna Legas ya san in dai maganar buga takarda ce Shomolu ake zuwa, layi-layi ba ka jin komai sai ƙarar inji da warin tawada. Wani abokina mai sayar da waya ne ya haɗa ni da wani shago a saman bene, ba zan faɗi sunansu ba tunda akwai inda zan ɗan taɓa su.

Ni da na je da tsarina a kai. Fuskokinmu mu bakwai duka, jini ta ko'ina, ƙoƙon kai a gefe, wuta a baya, irin dai bangon kaset ɗin da muka taso muna gani na kasuwannin Alaba da Idumota. Mai zanen wani Bayarabe ne, kowa Oga yake ce masa, ya saurare ni tsaf sannan ya yi dariya ya ce Malam, waɗancan da suke cika fuskoki ai fuskar suke sayarwa, mutum ya hango jarumin da ya sani sai ya ciro kuɗi, ku wa ya san ku? Wallahi ta min zafi amma gaskiya ya faɗa.

Sai ya jawo min kujera ya buɗo fostar Jaws ta 1975 a kwamfutarsa. Mace 'yar mitsitsiya tana iyo a sama, ƙaton kifi ya taso daga ƙasa baki buɗe, ita ba ta sani ba kai mai kallo ka sani, ya ce nan tsoron yake, kuma ko ɗigon jini babu a hoton. Ya ƙara da ta The Exorcist ta 1973, mutum ɗaya tsaye da hula da jaka a bakin wani gida haske na sauka a kansa, ba aljani ba dodo, amma kana gani ka san gidan nan ba lafiya ba. Daga nan ya min tambayar da ta sa na yarda mutumin ya san aikinsa, wai ku Hausawa me kuke tsoro tun kuna yara? Na ce masa ai mu labarin da aka fi razana mu da shi shi ne ka haɗu da kyakkyawar mace da daddare kuna cikin magana sai ka duba ƙasa ka ga kofato. Ya buga tebur ya ce shikenan an gama.

Abin da ya fitar kuwa, kusan kashi biyu cikin uku na takardar duhu ne zalla, har na ce masa Oga wannan ba asarar fili ba ce, ya ce barshi, ido ba ya son wurin da ba ya gani, shi da kansa zai cika shi da abin da yake tsoro. Matar tana tsaye da farin hijabi fuskarta a inuwa, hasken tocilar mai gadi ya sauka ƙasa daidai ƙafarta, kofaton ƙanana ne sai ka lura. Ja a wuri ɗaya kawai ya sa, a sunan fim ɗin. Idonka zai fara kama jan, ya gangaro kan farin hijabin, sai can ƙarshe ya iso ƙafa, wato sai ka riga ka saki jiki abin zai doke ka. Ya kuma ƙanƙantar da hoton kamar yadda zai fito a waya ya ce in ba a iya karanta sunan a haka to ba a yi komai ba.

Yanzu inda suka ɓata min rai. Sun ce Laraba, sai Juma'a na karɓa, zuwa biyu na yi a banza da cunkoson Ikorodu Road ga kuɗin mota. Na biyu wanda ya fi ciwo, bugun farko da ya fito baƙin ya cinye kofaton gaba ɗaya, mace ce kawai tsaye kamar tallan hijabi. Dalili wai allon kwamfuta haske yake fitarwa da kala uku, RGB, shi kuma inji tawada huɗu yake zubawa, CMYK, don haka duk abu mai duhu-duhu ya fi dusashewa a takarda. To ai ku ne masu sana'ar, me ya hana ku buga guda ɗaya mu gani kafin ku saki inji? Sannan sunan fim ɗin akwai ƙ a ciki, salon rubutun da ya zaɓa ba shi da harafin, sai wani ɗan akwati ya fito a wurin, yaron injin bai ma san kuskure ba ne. Mun ɗan yi sama-sama amma dai ya sake bugawa bai ƙara min ko sisi ba, wannan na yaba masa.

In za ka je, ka dage sai an buga maka gwaji guda ɗaya, kuma ka duba ƙ da ɗ da ɓ da idonka harafi-harafi. Wajen zane kam zan koma gobe ma. Guda ɗaya da muka manna a rumfar Malam mai shayi na bakin layinmu kwana uku kawai ta yi, ya aiko a ce min don Allah in zo in cire abata, yara sun daina yarda a aike su sayen burodi bayan isha'i.