Mai gyaran wutar mashin na kusa da Kwangila: sai da ya auna kafin ya sayar min da ƙwan fitila

A jerin masu gyaran mashin da ke kusa da Kwangila a Zariya akwai wata rumfa wadda mai ita ba ya kwance inji, ba ya faci. Wayarin kawai yake yi: fitila, sigina, oda, batir. Aikinsa nake so in yi magana a kai, domin na san masu fama da ƙonewar ƙwan fitila suna da yawa, kuma akasari ƙwan suke ɗora wa laifi.

Shagon kayan masarufi gare ni a Sabon Gari, gidana kuma a Shika, kuma ba na rufewa sai bayan Isha'i. Duk wanda ya san hanyar nan da dare ya san cewa da zarar ka wuce Samaru sai ku da tireloli da tankokin da suka nufi Funtuwa, ga ramuka a gefen kwalta, ga masu tafiya a ƙafa da baƙaƙen kaya. A irin wannan hanya fitila ita ce idonka. Mashin ɗina Boxer ce da ta kwana biyu, kuma tun ƙarshen damina ta fara cin ƙwai: dim ya mutu, in koma tafiya da ful, shi ma ya bi bayansa. In saya a shagon kayan gyara, yaro ya saka, ba a jima ba a koma gidan jiya. Wani mai shago ya ba ni na LED mai 'yar fanka a bayansa, ya ce shi ne ƙarshen magana. Zan dawo kansa.

Abin da ya fara burge ni a rumfar shi ne bai miƙa hannu cikin kwalin ƙwayaye ba. Tambayoyi ya yi. "Malam, lokacin da yake mutuwa kana kan gudu ne ko kana tsaye? Ƙwan baya fa, shi ma yana ƙonewa? Ruwan batir yana saurin ƙafewa?" Duk amsar e ce, kuma ba wanda ya taɓa yi min waɗannan tambayoyin. Ya kwance kan fitilar, ya ɗora wayoyin mitarsa ta auna ƙarfin wuta a soket, ya sa yaronsa ya buga kik. Mashin na tsaye a silo mita ta nuna abin da ya dace. Ya ce a murɗa totur. Ina kallo lamba tana hawa, ta wuce 14, ta wuce 16, ta haura 18, ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Ya juyo min da fuskar mitar ya ce, "Ka gani da idonka. Ƙwan da aka yi wa volt 12 kake ɗura wa wannan. Ko daga Jamus ka kawo shi sai ya ƙone."

Bayanin da ya yi min a tsaye ya fi min ƙwan amfani. A irin waɗannan mashina wutar fitilar gaba daga kwayil ɗin maganeto take zuwa kai tsaye, shi ya sa haske ke ƙaruwa idan ka ba da wuta, ya ragu idan ka saki. Abin da ke riƙe wutar kada ta wuce kima shi ne ɗan ƙarfen nan mai tsaga-tsaga da ake kira rektifaya, wanda in yana da lafiya ba ya barin ta wuce wajen 14 da rabi. Nawa ya mutu. Da ma ba wanda mashin ta zo da shi ba ne, na kasuwa ne da aka canza shekarun baya. Zaren da ke cikin ƙwai kuwa ba ya jure ƙari ko kaɗan: ƙarin kashi 5 cikin 100 na wuta yana iya rage masa kusan rabin kwanansa, balle wutar da ta kai 18. Ya kuma nuna min wayar da ake ɗaurewa a jikin bodi, ta yi tsatsa ta saki. Ya kankare wurin da sanfefa har ƙarfe ya fito fari, ya ɗaure da sabon noti.

Sai da ya canza rektifaya ya sake aunawa, lamba ta tsaya cak duk yadda aka murɗa, sannan muka zo maganar ƙwai. Iri uku ya ajiye a kan benci. Akwai na gama-gari mai zagayayyen gilashi, mai araha. Akwai halojin mai rubutun HS1, 12V 35/35W, wanda shi ne daidai da kan fitilata, kuɗinsa ya kusa ninka na farkon sau uku. Sai wani mai kama da shi sak, H4, wanda ke cin watt 60/55. Na nuna wannan na ce, "Oga, wannan ba zai fi haske ba?" Ya girgiza kai. Ya ce an yi shi ne don mota da manyan mashina. Kwayil ɗina ba zai iya ciyar da shi ba, sai ma hasken ya yi ja, zafinsa kuma ya narkar da soket ya ƙona madubin ciki. Wannan da ya hana ni ya fi tsada a cikin ukun, a hannunsa yake, kuma ni na nema. A nan na yarda da mutumin.

Game da LED ɗin da aka sayar min a baya, ga abin da na gani da kaina. Yana da fari ƙal, wanda ke tsaye a gaban mashin zai ce ba a taɓa yin fitila irinta ba. Amma a kan kwalta hasken watsewa yake, ya haska rassan itatuwa da idon mai zuwa, ramin da ke gabanka kuma ya bar shi a duhu. Direbobi ta ko'ina suna ta watso min ful don haushi. Idan na tsaya a danja sai ya riƙa ƙyaftawa. Da hazo ya sauka kuwa, farin ya riƙa dawo min a ido kamar an rataya farin ƙyalle a gabana. Mai gyaran ya ce dalilin watsewar shi ne an ƙera madubin fitila don ya tattara haske daga wuri ɗaya tak, inda zaren ƙwai yake zama, kuma zaren dim yana da ɗan murfi a ƙarƙashinsa da ke yanke hasken kada ya tashi sama. LED mai araha ba ya zama a wannan gurbin. Bai kushe LED gaba ɗaya ba. Ya ce akwai masu kyau, amma sai an mayar da fitilar kan batir, kuma sai an tabbatar caji zai iya ɗauka. Araha dai ba ta ado.

Yadda ya saka ƙwan HS1 ɗin ma abin kallo ne. Bai taɓa gilashin da yatsa ba, da takardar kwalin ya kama shi, domin maiƙon hannu yana zama a jikin gilashin halojin ya tara zafi wuri ɗaya har ya kumbura ko ya fashe. Ya daidaita kunnuwan nan uku a gurbinsu, ya maƙale 'yar wayar da ke danne shi, ya mayar da robar da ke hana ƙura da ruwa shiga. Robar nan, yara da yawa jefar da ita suke yi don tana ba su wahala. Daga nan ya sa na tura mashin ta fuskanci bangon wani shago, ya auna tsayin tsakiyar fitilar da igiya, ya ja layi da gawayi a bangon. Muka ja baya 'yan taku, ya ce in hau in zauna yadda nake tuƙi. Ya sassauta notin ƙasan fitila, ya riƙa dannawa a hankali har saman hasken dim ya sauka ƙasa da layin gawayin kaɗan, sannan ya ɗaure. Bai karɓi ko kwabo a kan wannan ba.

Yanzu hasken ruwan ɗorawa ne, ba shi da ɗaukar ido, amma yana kwanciya a kan hanya. Ina hango rami da wuri, ina ganin gefen kwalta, kuma masu zuwa sun daina watso min fitila. An shiga sanyi an fita, ƙwan bai ƙone ba, batir ma ya daina shan ruwa. Har yanzu haske yana raguwa idan na tsaya, wannan kuma ya gaya min tun farko haka tsarin mashin ɗin yake.

Wurin yana da nasa aibin. Babu wurin zama na kirki, rumfar ƙarama ce, in rana ta take sai ka nemi inuwa a maƙwabta. Jira yana da yawa, domin shi kaɗai yake riƙe mita, yaran kwancewa da ɗaurewa kawai suke yi, kuma ɗayansu ya karya min ɗan maƙalin robar gefen fitila garin gaggawa. Ogan ya yi masa faɗa ya ɗaure min da waya, amma ya kamata a ce ya canza. Ba ya ba da rasit, ko da na rektifaya da ya ce in ya lalace cikin wata guda in dawo da shi. Abin da ya fi damuna shi ne yana rufewa kafin Magariba, alhali sai duhu ya yi mutum yake gane fitilarsa ta mutu. Kuɗin aikinsa ma ya ɗara na maƙwabtansa.

Wanda ƙwansa ya mutu sau ɗaya bayan ya daɗe yana aiki, ba sai ya je can ba, kowane bakanike zai canza masa. Ya dai duba rubutun gindin tsohon ƙwan ya sayi irinsa. Amma wanda nasa ke ƙonewa a kai a kai, ko hasken ya fi ƙarfi idan ya ba da wuta sannan ya ɗauke, ya je da safe kafin layi ya taru, ya tafi da mataccen ƙwan a aljihu, don yakan so ya ga yadda zaren ya tsinke kafin ya ɗora mita.